Neman Sunan Kakana a Shari'ar Likitan Bekwai

A gidanmu da ke Aboabo, cikin Kumasi, akwai wani labari da muka gada tare da tsohuwar akwatin ƙarfe da butar alwala ta kakanmu. Labarin shi ne cewa kakan namu, wanda ya biyo ayarin fataken goro ta Salaga tun yana saurayi, daga baya ya shiga aikin ɗan sanda a zamanin Turawa, ya taɓa tsayawa gadi a bakin ƙofar kotu ranar da aka yanke wa wani Bature likita hukuncin rataya. Na yi shekara ashirin da bakwai ina aikin tafinta a kotu, ina juya magana tsakanin Hausa da Tonanci da Turanci, kuma duk tsawon shekarun nan ban ɗauki labarin da muhimmanci ba, domin abin da na sani game da mulkin mallaka bai bar mini wurin da zan yarda cewa Bature zai yanke wa ɗan'uwansa Bature irin wannan hukunci a gaban baƙar fata ba.

Abin da ya tashe ni shi ne rashin lafiyar Baba, yayan mahaifina, wanda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ji labarin daga bakin mai shi. Da na ga jikinsa yana ja da baya, sai na ɗauki littafi da alƙalami na je na zauna kusa da tabarmarsa bayan La'asar, na roƙe shi ya faɗa mini abin da ya ji, ba tare da ƙari ko gyara ba. Ya dube ni ya ce, "Tafinta, sai yau da na kusa tafiya ka san kana da tambaya?" Sannan ya ba ni abubuwa huɗu, waɗanda na rubuta kamar yadda ake rubuta shaida. Likitan a Bekwai yake aiki. Matarsa ce ta mutu, kuma harsashi ne ya kashe ta. Da bakinsa ya kare kansa, babu lauya. Da na tambaye shi shekara, sai ya ce shi bai san lissafin Nasara ba, amma mahaifinsu ya ce abin ya faru bayan Sarkin Tonawa Prempeh ya dawo daga inda Turawa suka kai shi, kuma kafin ya rasu. Wannan ta huɗun ita ce ta fi yi mini amfani, domin Prempeh na Farko ya dawo daga tsibirin Seychelles a 1924, ya rasu a 1931, saboda haka shekara bakwai kawai ke gabana maimakon rabin ƙarni.

Na kai takardar wurin 'yar ƙanwata da ke karatun lauya. Ina tsammanin za ta ce in ba ta mako guda, amma ko shayin da aka kawo mini ban gama sha ba ta juyo mini da fuskar kwamfuta ta ce, "Kawu, ai wannan sananniyar shari'a ce, ga ma hukuncin da aka yanke a Landan." Sunan likitan Benjamin Knowles, shekarar kuwa 1928. Na daɗe ina kallon sunan ban ce komai ba, kunya ta kama ni, domin mutumin da na ɗauka yana ƙawata hira ashe gaskiya ya faɗa, kuma ya kai ta har ga jikokinsa ba tare da takarda ko ɗaya ba.

Ta buga mini hukuncin a takarda, bayan 'yan kwanaki kuma ta samo mini hoton shafukan wani littafi da aka wallafa a Ingila a 1933, wanda ya ƙunshi bayanan shaidu kamar yadda aka ɗauke su a Kumasi. Na yi mako uku ina karanta su bayan sallar Asuba, lokacin da unguwa ba ta cika da hayaniya ba, ina ja layi da fensir kamar yadda na saba idan an ba ni fayil kafin zama.

Knowles likitan gwamnati ne a Bekwai, ƙaramin gari a kudancin Kumasi, kan layin dogon da ya taso daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903. Matarsa Harriet, kafin ta aure shi, mai wasa da waƙa ce a dandamalin Ingila, inda aka san ta da suna Madge Clifton. Ranar Asabar, 20 ga Oktoba 1928, sun yi baƙi a gidansu don cin abincin rana, cikinsu har da Disin Bekwai, wato Baturen da ke mulkin gundumar, wani mai suna Mangin. Baƙi suka watse, miji da mata suka shiga ɗaki, can da yamma sai ma'aikatan gidan suka ji ƙarar bindiga. Yaron gidan, wanda takardun suka kira Sampson, shi ne ya ruga ya sanar da Disi. Da Disi ya nemi jin abin da ke faruwa, amsar da ya samu daga likitan ba ta nuna akwai wani abin tashin hankali ba. Sai washegari babban likitan tiyata na Kumasi, Dakta Gush, ya zo ya tarar da matar da raunin harsashi, wanda ya shiga ta ɗuwawunta na hagu ya fita ta gefen dama na cikinta. Ya ɗauke ta zuwa asibiti a Kumasi, inda ta cika bayan 'yan kwanaki.

A nan ne shari'ar ta rabu gida biyu, kuma duk wanda ya taɓa zama a kotu zai gane nauyin kowane ɓangare. A gefe guda akwai abin da Knowles ya faɗa wa Gush da bakinsa: cewa sun yi rigima, ya nuna masa tabon duka a ƙafarsa ya ce matar ce ta yi masa, ya kuma ce ya gargaɗe ta cewa idan ba ta fita daga ɗakin ba zai harbe ta. A ɗaya gefen kuma akwai maganar ita matar, wadda ta faɗa tun farko, ta kuma maimaita ta cikin rantsuwa a gadon asibiti tana dab da mutuwa: cewa libarbar tana kan kujera, ita ce ta zauna a kanta ba da sani ba, da ta zo tashi sai ta maƙale a lesin rigarta ta tashi, kuma mijinta ba shi da hannu a ciki. Masu gabatar da ƙara suka ce tana rufa wa mijinta asiri ne. Suka kawo maganar harsasai biyu da aka samu, da hudar da ke jikin gidan sauro, suna son nuna cewa daga kan gado aka yi harbin.

Na sha fassara maganar matan da suka zo kotu da kumburi a fuska suna rantsuwa cewa ƙofa ce ta buge su, saboda haka ban karanta bayanin Harriet da zuciyar wanda bai san duniya ba. Amma na kuma san cewa zato ba hujja ba ne, ko da zaton ya yi ƙarfi. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba harbin ba ne, daren nan ne da ya wuce tsakanin Asabar da Lahadi. Mutumin da ke cikin ɗakin likita ne, ya san abin da harsashi ke yi idan ya ratsa ciki, a zamanin da babu penisilin a asibitoci, domin sai a shekarun 1940 aka fara amfani da shi sosai. Ga Kumasi kusa, ga likitan tiyata a can, amma matar ta kwana a Bekwai. Ko da a ce maganarta gaskiya ce daga farko har ƙarshe, ni dai ban sami uzurin da zan ba shi a kan wannan dare ba, kuma na karanta shafukan sau uku ina nema.

An yi shari'ar a Kumasi cikin Nuwamba 1928, a gaban alƙali mai riƙon ƙwarya, McDowell. Babu juri, wato mutanen gari da ake zaunarwa su saurari shaida su yanke ko mutum ya aikata ko bai aikata ba, irin bakwai ɗin da muke zaunarwa yau a shari'ar kisan kai a Gana. Babu lauya mai kare wanda ake tuhuma, kuma babban jami'in 'yan sanda ne ya gabatar da ƙara. Knowles da kansa ya riƙa yi wa shaidu tambayoyi, daidai yadda Baba ya ce. Da farko na ɗauka taurin kai ne ya sa ya ƙi ɗaukar lauya, sai da na karanta na gane cewa doka ce ta hana. Bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, Ingila ta haɗiye ƙasar Asante ta mai da ita yanki mai tsarin mulkinsa dabam da na bakin teku. A can bakin teku akwai Kotun Ƙoli tun 1876, akwai juri a manyan laifuffuka, kuma lauyoyi irin su Casely Hayford da J. B. Danquah suna iya tsayawa gaban alƙali a Ankara ko Cape Coast ko Sekondi. A Kumasi kuwa an rufe musu ƙofa. Mutum ɗaya ne ke sauraron shaida, shi ke auna ta, shi ke yanke hukunci, ko da ran mutum ne a kan sikeli. McDowell ya sami likitan da laifin kisan kai ya yanke masa hukuncin kisa, daga baya gwamna ya sassauta shi zuwa ɗaurin rai da rai.

Labarin ya isa jaridun Ingila, aka yi ta mamakin yadda za a yanke wa ɗan ƙasarsu hukuncin rataya babu juri babu lauya. Aka ɗaukaka ƙara zuwa Kwamitin Shari'a na Majalisar Sarkin Ingila, wadda ita ce kotun ƙarshe ga ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkinsu, kuma lauya D. N. Pritt ya tsaya masa. Cikin Nuwamba 1929 aka soke hukuncin. Wannan shi ne wurin da na fi daɗewa a kansa, har na kira 'yar ƙanwata na ce ta zo ta karanta mini da idonta, kada tsufa ya sa na fahimci abin a karkace. Alƙalan Landan ba su ce an yi kuskure da aka yi shari'ar babu juri ba. Sun karɓi cewa dokar Asante ta yarda da haka. Dalilin da ya kuɓutar da Knowles shi ne cewa alƙalin Kumasi ya tsaya tsakanin abu biyu kawai, ko haɗari ne kamar yadda matar ta ce, ko kisan ganganci ne, bai tsaya ya duba na uku ba, wato yiwuwar cewa harbin ya fito daga hannun mijin amma ba da ƙudurin kisa ba. Malamanmu na fiƙihu ma sun daɗe da raba kisan ganganci da wanda ba a nufa ba, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Ta ce, "Haka ne, Kawu, shi ya fita, amma dokar da aka yi masa shari'a da ita ta zauna daram." Knowles bai daɗe ba bayan haka, ya mutu a 1933.

Tun daga 1902 ake yi wa Tonawa da mutanen Arewa da mutanen zango shari'a a ƙarƙashin wannan tsari, shekara ashirin da shida kafin a kawo likitan Bekwai, kuma babu wata jaridar Landan da ta ɗaga murya irin wannan saboda su. Wanda aka kawo daga ƙauye, bai ji Turanci ba, maganarsa sai ta bi ta bakin tafinta kafin ta isa kunnen alƙali, ba shi da dangi a Ingila da za su tara kuɗin ɗaukaka ƙara. Na san abin da ke ɓacewa tsakanin baki da baki, domin aikina ke nan. Idan Bahaushe ya ce "na kashe shi" yana nufin sanadinsa ne mutumin ya mutu, tafinta mai gaggawa zai mai da shi iƙirarin kisan kai, kuma idan babu lauyan da zai miƙe ya ce a sake tambayarsa, haka za a rubuta. Surutun da shari'ar Knowles ta tayar yana cikin abin da ya sa aka sake duba tsarin, har aka buɗe wa lauyoyi ƙofar kotunan Asante cikin 'yan shekaru, kuma a 1935, shekarar da aka maido da sarautar Asantehene, wato Sarkin Tonawa, a hannun Prempeh na Biyu, ikon Kotun Ƙoli ya kai ƙasar Asante.

Duk wannan bai ba ni abin da na fito nema ba, wato sunan kakana. Saboda haka na shirya na tafi ma'ajiyar takardun tarihi ta gwamnati da ke harabar Cibiyar Al'adu a Kumasi. Na nuna katin shaidata, na cika fom na faɗi abin da nake bincike a kai, na biya ɗan kuɗin da ake biya, aka zaunar da ni aka ba ni kundin jerin fayiloli. Tsarin shi ne ka bi jerin da yatsa har ka ga taken da ya yi kama da abin da kake so, ka rubuta lambarsa a 'yar takarda ka miƙa, sannan ka jira a ɗauko. Ma'aikacin da ya kula da ni, wani matashi mai haƙuri, ya ce mini, "Alhaji, fensir kawai, kuma kada ka jiƙa yatsa da yawu idan za ka buɗe shafi." Na yi kwana shida ina zuwa. Takardun sun yi ja kamar ganyen taba, gefensu yana karyewa idan ka matsa, wasu an ɗaure su da zare ta hudar kusurwa, kuma tsatsar ƙusar takarda ta ci wasu har ta bar rami a daidai wurin kwanan wata.

A rana ta uku na fahimci cewa ko da sunan yana gabana ba lalle in gane shi ba. Turawa ba su rubuta mutanenmu da sunan uba ba, sai su ɗauki sunan yanka su liƙa masa ƙabila ko garin da mutum ya ce ya fito: wane Hausa, wane Moshi, wane Dagarti, wane Kano, wane Sakkwato. Ko sojan nan da tarihi ya riƙe a matsayin wanda ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin 1914, a ƙasar Togo, da Alhaji Grunshi aka san shi. Sunan kakana suna ne da kowane zango ke da goma irinsa. Abin da zai raba shi da sauran shi ne lambar aikinsa, ita kuwa tana jikin wata takardar sallama da Baba ya ce ruwa ya ci tun ina yaro. Ɗan sandan da ke tsaye a bakin ƙofa kuma ba shaida ba ne, babu dalilin da zai sa magatakarda ya rubuta shi. Ko Sampson, wanda gudunsa zuwa gidan Disi ne ya buɗe maganar gaba ɗaya, da suna ɗaya tak ya shiga littafin, alhali an adana har abin da likitan ya faɗa a kan tabon ƙafarsa.

Daga nan na hau mota zuwa Bekwai, tafiyar kamar awa guda, ta mararrabar Anwiankwanta. Na sauka na nufi zango, na yi sallar Azahar a masallaci, bayan an idar na gabatar da kaina ga liman, shi kuma ya haɗa ni da dattawa biyu. Sun karɓe ni da mutunci, aka kawo ruwa da goro, suka ba ni labarin yadda iyayensu suka zo sayen goro da aikin gonar koko, da lokacin da jirgin ƙasa ke tsayawa a tasha ana lodi. Da na kawo maganar likitan, ɗayansu ya girgiza kai, ɗayan kuwa ya yi shiru sannan ya ce ya taɓa jin tsofaffi na cewa wani Bature ya harbi matarsa, amma ya ɗauka a Obuasi ne, wurin masu haƙar zinariya. Wani yaro ya raka ni har tsohuwar tashar jirgi, na tsaya ina kallon layin dogon da ciyawa ta rufe, ina lissafin cewa nisan da na yi cikin awa guda da safe shi ne nisan da ya raba matar nan da ɗakin tiyata a daren Asabar ɗin.

Na koma wurin Baba ranar Juma'a da takarduna a cikin jaka. Na karanta masa labarin da Hausa daga farko, a hankali, ina tsayawa idan tari ya taso masa. Da na kai wurin da aka ce likitan ya kare kansa da bakinsa, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ban faɗa maka ba?" Na ce, "Ka faɗa, Baba, kuma duka huɗun da ka ba ni sun fito daidai." Na gaya masa cewa ban sami sunan mahaifinsu ba, na kuma bayyana masa dalili. Bai nuna damuwa ba. Abin da ya ba shi mamaki shi ne jin cewa ba a rataye Baturen ba, domin a yadda labarin ya iso gare su, a kan hukuncin ya tsaya. Mai gadin ƙofa ya ga ranar da aka yanke, amma babu wanda ya dawo bayan shekara ya gaya masa abin da aka yi a Landan. Ya yi shiru har na ɗauka barci ya ɗauke shi, sannan ya tambaye ni ko a cikin takardun da na gani akwai na mutanenmu da aka yanke wa irin wannan hukunci a wannan kotu. Na ce akwai kundayen shari'a da ban buɗe ba tukuna, domin suna ɗaya na je nema. Ya ce, "To, ka koma ka buɗe, ka rubuto sunayensu ko da rabi-rabi ne, a yi musu addu'a." Ranar Litinin da ƙarfe tara na safe na miƙa wa matashin nan sabuwar 'yar takarda, da lambar kundin farko a kanta.